Askar ya faɗi a bakin aiki: da me unguwa za ta tuna da shi?

Ranar 29 ga Ramadan 1437, wato 4 ga Yuli 2016, ana dab da shan ruwa a Madina, wasu jami'an tsaro suka hango wani mutum ya ratso filin ajiye motoci ya nufi Masallacin Annabi (SAW). Take-takensa ba su kwanta musu ba, suka tare shi, shi kuwa ya tayar da bam ɗin da ke jikinsa. Huɗu daga cikinsu suka rasu, biyar suka ji rauni. A daidai wannan lokacin dubban mutane ne zaune a sahu a gaban ledar buɗa-baki, ga dabino ga ruwan zamzam, kuma da wuya a ce babu Bahaushe a cikinsu, domin goman ƙarshe ba ta wucewa a Madina babu mutanenmu. Kusan shekara guda kafin nan, ranar 6 ga Agusta 2015, mutum 15 ne suka rasu a masallacin rundunar ko-ta-kwana da ke Abha a kudancin Saudiyya, ana tsakiyar sallar azahar. Waɗannan su ne duniya ta ji labarinsu. Akwai kuma wanda mota ta kwashe a shingen binciken hanya cikin dare, da wanda ambaliya ta ja yana ƙoƙarin fito da mutane daga mota. Shi wannan sai danginsa da abokan aikinsa da mutanen unguwarsu.

Zancen ya shafe mu kai tsaye. A Makka da Jidda da Madina akwai gidajen Hausawa da kakanninsu suka zo a ƙafa ta Chadi da Sudan, 'ya'yansu 'yan ƙasa ne, sunan Hausawi na nan a ƙirjin kakinsu. Idan ɗayansu ya faɗi a bakin aiki, an yi kwana uku na zaman ta'aziyya, an kwashe kujeru da fitilu daga kan layi, sai a ji wani ya ce, “Ya kamata fa a yi wani abu da sunansa.” Kowa ya gyaɗa kai. Daga nan ake ɓata hanya, domin ba a tsaya an tantance wane abu ba, kuma wa zai riƙe shi bayan zafin rasuwar ya huce. Ra'ayina shi ne a fara da bashinsa da marayunsa, sannan a yi abin da mutane za su riƙa amfani da shi kullum, musamman ruwan sha, kuma kada a kafa ko ƙusa ɗaya sai an ajiye kuɗin kula da abin na shekaru.

Wanda ya taso a Nijeriya ya saba ganin ranar 15 ga Janairu ana ɗora furanni a gindin mutum-mutumin soja, ana sakin farin tattabaru. A nan Saudiyya wannan ƙofar a rufe take, kuma ba jiya aka rufe ta ba. Hadisin Sayyidina Ali da ke Sahihu Muslim ya umarci a shafe duk wani gunki, a daidaita duk kabarin da aka ɗaga. A shekarar 1344 ta Hijira aka rushe ƙubbobin Baƙi'a. Sarki Abdullahi da ya rasu ranar 23 ga Janairu 2015, a maƙabartar Al-Ud ta Riyad aka binne shi a ranar, cikin kabarin da babu suna babu gini. Shahidan Uhudu su saba'in, har da Sayyidina Hamza, suna kwance cikin shinge ɗaya, babu allon kowa. To ƙasar da ba ta yi wa sarkinta ƙubba ba, ba za ta bar unguwa ta kafa wa askar gunki ba, kuma ni ban ga hasara a ciki ba.

Sai dai akwai masu zarcewa su ce duk wani tunawa bidi'a ce, a binne mutum a manta. Wannan ma bai yi daidai ba. Annabi (SAW) ya aza dutse a kabarin Usmanu ɗan Maz'un don ya gane wurin. Bayan shekara takwas da yaƙin Uhudu ya yi wa shahidanta addu'a kamar mai bankwana. Da Sa'adu ɗan Ubada ya tambaye shi wace sadaka ce ta fi, a madadin mahaifiyarsa da ta rasu, sai ya ce ruwa, Sa'adu ya haƙa rijiya ya ce, “Wannan ta Ummu Sa'ad ce.” Ga ruwa, ga sunan mamaciya a jikinsa, ga ladan yana tafiya. Duk abin da nake son faɗa yana cikin wannan rijiyar. Makka kanta ta fi shekara dubu tana ambaton Zubaida saboda ruwan da ta jawo wa alhazai, Madina tana ambaton Sayyidina Usmanu saboda rijiyar Ruma. Mutanen Kano ma sun san haka: sunan Murtala bai fita daga bakinsu ba, domin kullum wani yana cewa a kai shi Asibitin Murtala.

Ba zan tsallake maganar da wasu ke yi a ƙasa-ƙasa ba. Akwai mutanenmu da ba su da igama, wato takardar izinin zama, waɗanda da sun hango motar askarawa sai cikinsu ya ɗuri ruwa, waɗanda aka kai 'yan'uwansu Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasar, aka mayar gida. Irin wannan mutum yana da dalilin tambayar me ya haɗa shi da karrama mai kaki. Amsata ita ce, mutanen huɗun nan na Madina ba su tambayi takardar kowa a cikin masallaci ba kafin su tari mutuwa. Kuma akwai hadisi a Tirmizi cewa ido biyu wuta ba za ta taɓa su ba, wanda ya yi kuka don tsoron Allah da wanda ya kwana yana gadi saboda Allah. Duk da haka ba a tilasta wa kowa, ba a kuma gorantawa wanda ya ja baya. Wani alherin sabil, wato wurin shan ruwa na sadaka, ke nan: mai igama da marar igama duk kofi ɗaya za su ɗauka. Ƙasar ma ta taɓa nuna cewa karramawa ba ta tsaya ga ɗan ƙasa ba. Farman Ali Khan, ɗan Pakistan da ya ceto mutum 14 a ambaliyar Jidda ta Nuwamban 2009 kafin ruwan ya tafi da shi, an ba shi lambar girma ta Sarki Abdul'aziz bayan rasuwarsa.

Abu na farko dai bashi ne. Hadisin Muslim ya ce ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Kunya ce a ga allo mai ƙyalli da sunan mutum alhali mai shagon layinsu yana riƙe da littafi da sunan nan a ciki. A cikin kwana ukun ta'aziyyar ya kamata wani babba ya miƙe ya ce duk mai bin marigayi ya same shi a keɓe, a rubuta, har da adashen da ya ɗauka bai gama zubi ba, da bashin mota, da abin da ya ranta wajen abokan aiki. Gwamnati tana da nata tanadi ga iyalan waɗanda take kira shuhada'ul wajib, wato waɗanda suka rasu a bakin aiki, har da asusu na musamman na shahidai da waɗanda suka ji rauni da fursunoni da waɗanda suka ɓace. Amma haƙƙin ba ya zuwa hannu sai da takardu: shaidar rasuwa, da sakki, wato takardar kotu, na tantance magada, da sakkin walicci idan akwai ƙananan yara, da wakilci idan wani ne zai bi sawu. Matar tana takaba wata huɗu da kwana goma, uwar ta tsufa, yaran ƙanana ne. Mutum ɗaya mai haƙuri da ya san manhajar Najiz ta ma'aikatar shari'a da hanyoyin ofisoshi, wanda zai ɗauki wannan fayil har ƙarshe, ya fi musu kwamitin mutum ashirin.

A nan ne ake yin wani kuskure da kyakkyawar niyya. Dangi su zauna su ce a cire kaza daga dukiyar marigayi a yi masa sadaka mai gudana. Idan bai bar wasiyya ba, dukiyar ta magada ce tun daga ranar da ya cika, bayan an fitar da kuɗin jana'iza da bashi. In ya bar wasiyya, ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku. Baligi yana iya bayar da rabonsa in ya ga dama. Rabon maraya kuwa babu mai ikon yin kyauta da shi, ko uwarsa, ko baffansa. Sabil ɗin da aka gina da kuɗin maraya ba zan sha ruwansa da kwanciyar rai ba.

Sai tara kuɗi, kuma nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami. A gida an saba a buɗe guruf a WhatsApp, a sa lambar asusun wani amintacce, kowa ya tura abin da ya sawwaƙa. A Saudiyya tara gudummawa daga jama'a ba tare da lasisi ba laifi ne, kuma kyawun niyya ba ya kare mutum. Yana iya jawo tara da ɗauri, baƙo kuma a haɗa masa da kora. Zagayawa da akwati a masallaci ma an hana. Hanyar da ta rage ita ce ta ƙungiya mai rajista wadda aikinta shayar da ruwa ne, ko dandalin Ihsan da aka buɗe a 2021, inda mutum ke iya bayar da sadaka a madadin wani. In kuwa mutum ɗaya ne ko gida ɗaya za su ɗauki nauyin da kuɗinsu, babu zancen tarawa, sai neman izinin wurin kawai. Kada a yanke shawarar abin da za a gina a cikin makon farko, lokacin da kowa ke magana da hawaye. A zaɓi mutum biyu ko uku su fara bincike, a bari matar ta fita takaba a ji ta bakinta da ta bakin iyayensa. Akwai gidan da ba sa son sunan ɗansu a bango ko kaɗan, kuma maganarsu ce a sama.

Yanzu ga ita kanta barradar, injin sanyaya ruwan da ake girkewa a jikin bango. Duk wanda ya yi yawo a tsofaffin unguwannin Makka ya san yadda matacciya take. Famfo uku, ɗaya ya karye an ɗaure da leda, ɗaya yana ɗiga dare da rana. Sarƙar kofi tana lilo babu kofi. Ƙarƙashinta gansakuka ta yi kore, kyanwa na kwance a cikin danshin, ragar bayan injin ta toshe da ƙura kamar an shafe ta da laka. A sama kuma ga allo, rana ta cinye rubutun, sai “Allah ya jiƙan” ake iya karantawa, sunan ya tafi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kuma duk abin da ya kashe ta sananne ne, ana iya kauce masa tun ranar saye.

Girmanta ba a ƙiyasta shi da ido. A lissafa masu sha a lokacin da suka fi yawa. Masallacin da ke ɗaukar mutum 300 a sallar la'asar, in rabinsu suka sha kofi ɗaya mai cin kwatan lita, an sha kusan lita 38 cikin minti goma sha biyar. Saboda haka girman tankin da ke cikin injin ya fi muhimmanci a kan yawan famfo, domin barrada mai famfo huɗu da ƙaramin tanki mutum ashirin na farko kaɗai za ta ba ruwan sanyi. Ƙarfen jikinta da na tankin ya zama sitil mai lamba 304. Akwai mai lamba 201 da ya fi arha, a shago ba ka bambance su da ido, amma a iskar gishirin Jidda ba ya daɗewa zai fara fitar da tsatsa. A tambaya, a sa mai shago ya rubuta a rasit. Wutar ƙasar nan mai zagaye 60 ce, ba 50 irin ta Nijeriya da Nijar ba, don haka a duba ƙaramin allon da ke bayan injin kafin a biya, musamman in na hannu ne.

Wurin girkawa shi ne rabin ran injin. Yawancin na'urorin sanyaya da ake ƙerawa don ƙasashe masu zafi iyakarsu digiri 43, alhali a Hajjin 2024 an auna 51.8 a Harami, shekarar da alhazai fiye da 1,300 suka rasu. Injin da aka ajiye a jikin bangon da ke kallon yamma, rana tana dukansa daga azahar zuwa magariba, kwamfuresarsa ba ta hutawa, kuma a bazara ta biyu ko ta uku za ta ƙone. A nemi bangon arewa, ko a yi masa rumfa mai iska. A bar tazarar kamar taƙi guda, santimita 20, tsakaninsa da bango don zafi ya sami mafita. Bututun da ke kawo ruwa a binne shi ko a naɗe shi, in ba haka ba ruwan zai iso injin da zafi kamar na wanka, aikin ya ninka. A ɗora shi a kan dakalin siminti, a kewaye shi da keji mai kwaɗo wanda iska ke ratsawa.

Wuta da ruwa da ƙarfe da yara marasa takalmi, haɗuwarsu abin tsoro ce. Dole a haɗa wayar ƙasa, a sa kuma makatsar da ke yanke wuta da ta ji yoyon miliamfiya 30, a riƙa danna maɓallin gwajinta duk wata. Mai gyaran da ya ce ba sai an sa ba, a sallame shi a nemo wani. Kuma kada a jawo wuta ko ruwa daga mitar masallaci a ɓoye. Ma'aikatar harkokin addini tana bin diddigin wannan, in an gano a cire injin, liman da ladan su shiga tuhuma saboda sadakar da ba tasu ba. Izinin baladiyya, wato hukumar birni, in a kan titi ne, izinin ma'aikatar in a harabar masallaci ne, rubutacciyar yardar mai gida in a bangonsa ne. Kuɗin wutar ba shi da yawa in an lissafa. Injin da ke jan wat 500, in ya yi aikin awa 16 a rana, ya ci kilowat-awa 240 a wata. A farashin gidaje na halala 18 (halala ɗari ce riyal ɗaya) kowane kilowat-awa, riyal 43 ke nan da 'yan kai, in an ɗora harajin kashi 15 ya kusa 50. Kuɗi kaɗan ne, amma in ba a faɗi wanda zai biya ba, wata rana mai gidan zai zare filogi ba tare da ya gaya wa kowa ba.

Tacewa ita ce inda aka fi yin sakaci, domin ba a ganinta. Ruwan Makka da Jidda yawancinsa daga matatar teku ta Shu'aiba yake zuwa, na Madina daga Yanbu, kuma yana isowa da tsabtarsa. A tankin ƙasa na gida ko a motar wayit, wato tankar ruwa, yake kwasar datti. Matacin farko, farin nan mai tare laka, mai lamba 5, ana canza shi duk wata uku, ko da zarar ya koma ruwan ƙasa. Na gawayi duk wata shida. Ga kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: matacin gawayi yana cire sinadarin kulorin, wanda shi ne ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa a ruwa. Ma'ana ruwan da ya wuce shi ya zauna a tankin barrada ba shi da sauran kariya. In an bar gawayin ya shekara ba a canza ba, shi kansa ya zama gidan ƙwayoyin. Don haka duk wata uku a zubar da ruwan tankin, a wanke shi da maganin da aka yarda da shi a kayan abinci, a ɗauraye sosai. Ragar bayan injin a kaɗe ta da buroshi duk wata, bayan guguwar ƙura kuwa a ranar. Ruwan da ke zuba daga famfo a haɗa masa bututu zuwa magudana ko gindin bishiya. Jidda ta san zazzaɓin dengi tun 1994, kuma sauron da ke kawo shi a ruwa mai tsabta da ya kwanta yake ƙyanƙyasa, irin wanda ke taruwa ƙarƙashin sabil. Kofin sarƙa ɗaya na kowa da kowa ma lokacinsa ya wuce, a sa dogon famfo da mutum zai tara gorarsa.

Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi ya sa na ce a lissafa kuɗin wuta da mataci da mai gyara da canjin kwamfuresa sau ɗaya, na shekara biyar, a ware shi kafin a je kasuwa. In abin da ya rage bai isa babbar barrada ba, a sayi ƙarama. In ta hannun ƙungiya za a yi, a tambaye su baki da baki: kula da gyaran shekara nawa ne a cikin kuɗin, sau nawa suke zuwa, wa ake kira in ta lalace, me zai faru in wa'adin ya ƙare. Wanda ya kasa amsa waɗannan, sayar da inji yake yi. Kuɗin da wasu gidajenmu ke kashewa a abincin sadakar arba'in zai iya riƙe matatan sabil na tsawon lokaci, kuma malaman ƙasar nan da ma ba su goyon bayan taron. Ban faɗi haka don raina al'adar iyaye ba, lissafi ne da ya kamata a ajiye a gaban dangi su duba.

Allon suna kuwa a yi shi ƙarami, a yi shi da kyau. Rubutun da aka buga a leda ko roba ba ya jure ranar Hijaz. Tagulla tana yin baƙi a bakin teku. Abin da ke daɗewa shi ne dutsen giranit da aka sassaƙa rubutun a cikinsa zurfin milimita biyu zuwa uku, ko farantin sitil da aka zana da na'ura, a ɗaure da kusoshin da ba sa tsatsa. Harafi mai tsayin santimita biyu da rabi ana karanta shi daga mita uku, kuma mai shan ruwa bai fi haka nisa ba. A kwafi sunan daga katin shaidarsa, mai huɗu, nasa da na uba da na kaka da na dangi, a kai wa iyalinsa su duba a takarda kafin a taɓa dutse, domin kuskuren ɗigo ɗaya a Larabci yana mayar da mutum wani. A sa ranar Hijira da ta Miladiyya. Kada a sa hoto, kada a sa sunayen waɗanda suka bayar da kuɗi. Ayar Alƙur'ani ma gara a bar ta, tunda wuri ne da ruwa ke fallatsa, kuma wata rana injin zai tsufa a jefar da shi da abin da ke manne a jikinsa.

Kalmar shahidi tana buƙatar tsayawa. Imamu Bukhari ya ƙulla babi guda cewa ba a cewa wane shahidi ne, kuma Shaikh Ibn Usaimin yana kan wannan fahimtar game da ayyana mutum ɗaya. Hukuma tana amfani da shahidul wajib a matsayin sunan aiki da haƙƙoƙi ke rataye da shi, wasu malaman kuma ba su ga laifi ba in an yi nufin fata. A ganina allon unguwa ya kauce wa gardamar. Ya isa a rubuta cewa wannan sabil ne saboda Allah, ladansa ga wane, wanda ya rasu a bakin aikin tsaro ranar kaza, Allah ya karɓe shi cikin shahidai. Ya zama addu'a, kuma duk wanda ya karanta ya yi ta. In wurin yana kan hanyar masaukan alhazanmu ne, a nemi izinin ƙara layi ɗaya da Hausa a ƙasan Larabcin.

Sanya wa titi sunansa abu ne mai kyau, hukumomin birane suna yi, kuma iyali na iya nema ta hannun umda, wato mai unguwa, da ma'aikatar da ya yi wa aiki. Ina goyon baya, sai dai kada a ɗauka an gama. Yau mutum lokeshan yake turawa a waya, mai kawo saƙo lambar gini yake bi, sabon sunan titi yana iya shekara goma bai shiga bakin kowa ba. Masu hali sosai kuma suna da zaɓin da ya wuce barrada, kamar ɗaukar nauyin wankin ƙoda ga marasa ƙarfi ko ajin haddar Alƙur'ani, duk ta hannun ƙungiya mai lasisi.

Saura abu ɗaya da mutanen Jidda suka koya da jikinsu. Daga ƙarshen 2021 aka shiga rushe unguwanni irin su Gulail da Karantina da Sabil da Kandara, inda Hausawa da yawa suka yi shekaru, kuma duk abin da ke manne a bangonsu ya bi ƙasa. Saboda haka in za a yi waƙafi, a yi shi a rubuce da sakki, a ambaci nazirin da zai kula da shi da wanda zai gaje shi in ya rasu ko ya bar ƙasar, a kuma rubuta ƙarara cewa in wurin ya tashi ko an daina buƙatarsa, nazir yana da ikon mayar da injin da allon da sauran kuɗin zuwa wani wuri mai irin wannan amfani. A gefen barradar kuma a manna kati cikin leda mai kauri, da lambar wayar masu gyara da gurbin rubuta ranar da aka canza kowane mataci, yadda duk ɗan unguwar da ya tsaya shan ruwa zai iya duba ranar ƙarshe, in ta wuce wata uku ya ɗaga waya.